Masu sikwat da ƙarfe mai nauyi, ta ina zaku fita idan ƙafa ta ƙi tashi?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida tamu. Dan Allah a ɗan bani fili in yi magana da ƴan uwana masu zuwa jim, musamman masu ɗaga ƙarfe, da kuma su kansu masu gidajen motsa jikin, saboda akwai abinda ya daɗe yana tsaya mun a rai kuma naga ba'a cika maganarsa ba sai bayan abu ya faru an fara salati ana tura bidiyo a waya.

Maganar sikwat ce, wato mutum ya saɓa sandar ƙarfe a bayan kafaɗunsa da faifai gefe da gefe, ya tsuguna da ita ya miƙe. Ni kaina ina yi kuma ina so, gaskiya a duk atisayen da ake yi a jim banga wanda ya kai shi gina cinya da ƙugu da baya a lokaci ɗaya ba, don haka kar wani ya ɗauka nazo ne in ce a daina. Abinda ya kawo ni ɗaya ne, mutane suna shiga ƙarƙashin ƙarfen da ya ninka nauyin jikinsu ba tare da sun tanadi ta inda zasu fita ba idan ƙafa ta ƙi tashi. Kuma ƙafa tana ƙin tashi, duk wanda ya daɗe a harkar nan yasan akwai ranar da zaka sauka ka nemi ƙarfin da ka saba dashi ka rasa, ko dan baka yi bacci sosai ba, ko gajiya, ko dai kawai ka ƙara faifan da jikinka bai shirya masa ba. Wannan ba abin kunya bane, zakarun duniya ma suna kasawa a gaban jama'a. Abin tambaya shine, a wannan daƙiƙar da ka kasa, me zai tare ƙarfen?

A watan Yulin 2023 wani matashi mai suna Justyn Vicky, sanannen mai gina jiki kuma mai horar da mutane a tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya, ya rasu yana da shekara 33. Sikwat yake da kilo 210, mutum ɗaya ne tsaye a bayansa yana tsaronsa, ya sauka ya kasa tashi, ya faɗi zaune, sandar ta gangaro ta danne masa wuya ta tura kansa gaba. Wuyansa ya karye, an garzaya dashi asibiti an masa tiyata amma rai yayi halinsa. Ba sabon shiga bane fa, mutum ne da wannan sana'arsa ce. Sannan a watan Fabrairun 2025 a garin Bikaner na Indiya wata yarinya ƴar shekara 17 da ta riga ta fara cin lambobin yabo a gasar ɗaga ƙarfe, sanda mai kilo 270 ta faɗo mata a wuya tana atisaye, kocinta yana nan a bayanta amma bai iya riƙewa ba, itama ta rasu. Duka biyun akwai mutum a baya. Duka biyun babu abinda ya tare ƙarfen kafin ya kai inda ya kai.

Nasan abinda wasu zasu ce, tsautsayi baya wuce ranarsa. Haka ne, kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma ai an ce mu ɗaure raƙumin sannan mu yi tawakkali, kuma a wannan harkar ɗaure raƙumin bashi da wahala ko kaɗan, shi yasa abin yake mun ciwo.

Kaga sikwat ya bambanta da ɗaga ƙarfe daga ƙasa. Wanda yake ɗagowa daga ƙasa idan yaji ba zai iya ba sai ya saki hannu, ƙarfe ya faɗi gabansa, shikenan. Amma mai sikwat yana ƙarƙashin kayan ne, kuma wajen da aka fi kasawa shine can ƙasa ko kuma an ɗan taso kaɗan, inda cinya take a mafi rauninta, gwiwa a lanƙwashe, baya a karkace, babu wajen gudu. Saboda haka ne aka ƙera kejin sikwat, wancan mai ginshiƙai huɗu da huji a jere, wanda ake zura sanduna biyu na kariya hagu da dama, ko kuma rak, wato mazaunin da ake ɗora sandar a kai, irin wanda yake da hannaye biyu da suka miƙo gaba. Aikinsu kenan, idan ka kasa sai ka ƙara sauka kaɗan ka ɗora musu ƙarfen ka sulale ka fito lafiyarka ƙalau. Wallahi sau da yawa zaka shiga jim kaga kejin yana nan amma an zare sandunan an jingine a bango, ko kuma an barsu can ƙasa kusa da idon sawu inda basu da wani amfani, ko kaga mutum ya ɗauko ƙarfen ya ja baya har ya fita daga cikin kejin gaba ɗaya saboda yana so kyamara ta ɗauke shi da kyau. Toh me aka yi kenan?

Saita su kuma bai ɗaukan lokaci. Ka ɗauki sandar ita kaɗai babu faifai, wadda yawanci kilo 20 ce, ka sauka har iya inda kake sauka, ka duba inda sandar ta tsaya, sai ka sa sandunan kariyar ƙasa da wannan wajen kaɗan, huji ɗaya ko makamancin haka. Idan sun yi sama da yawa zaka riƙa buga su kana sauka ya rikita ka, idan sun yi ƙasa da yawa kafin ƙarfen ya kai kansu ya riga ya naɗe ka. Bayan ka saita, ka gwada kasawa da gangan, eh da gangan, da nauyi mara yawa, ka sauka ka zauna ka bar ƙarfen ya sauka a kansu ka fito, ka maimaita har jikinka ya saba. Domin ranar da abin zai zo da gaske babu lokacin tunani, abinda jiki ya saba shi zai yi, wanda bai taɓa gwadawa ba kuwa firgita zai yi, kuma mai firgita gaba yake rusunawa, nan ne sandar take bin gadon baya ta hau wuya. Ni a ganina duk kocin da ya koya wa mutum sikwat bai koya masa yadda ake kasawa ba, bai gama aikinsa ba.

Akwai kuma masu jefar da sandar ta baya su yi tsalle gaba, ƴan gasar ɗaga ƙarfe irin ta Olamfik haka suke yi kuma yana aiki, amma su da faifan roba suke yi a kan dandamalin da aka yi domin haka, kuma babu kowa a bayansu. Wannan wajen nake so a lura sosai, ko dai ka jefar ko kuma a tsare ka, ba'a haɗa biyun. Idan akwai mutum a bayanka ka saki kilo 150 ta baya, a kan cinyoyinsa da gwiwoyinsa zai sauka, ka tsira kai ka nakasa wanda yazo taimakonka.

Shi kansa tsaron bayan, mutane sun ɗauke shi wasa. Sai kaga mutum ya waiga ya kira duk wanda yake kusa, ɗan uwa zo ka ɗan tsaya mun, wanda aka kira ɗin ma watakila bai taɓa yi ba, ya tsaya nesa da yatsu biyu a ƙarƙashin sanda yana ihu taso taso. Malam Edita a gasar hukumar ɗaga nauyi ta duniya IPF, dokarsu ta ce masu tsaro a kan dandamali kada su gaza 2 kada su wuce 5, kuma a nauyi mai yawa zaka ga mutum a baya, mutane a kowane gefe. Waɗannan ƙwararru ne da suka san iya ƙarfinsu amma duk da haka ba'a barinsu da mutum ɗaya. Mutum ɗaya a baya ba zai iya ɗauke kilo 200 daga kan wani ba, ko waye shi, iyakarsa ya taimaka wa wanda ya kusa tashi ya ƙarasa. Yadda ake yi shine na baya ya matso kusa, hannayensa su shiga ta ƙarƙashin hammatar mai ɗagawa kusa da ƙirji, ya sauka tare dashi ya tashi tare dashi, in ya kasa ƙirjin zai tallafo ba sandar ba. Na gefe kuma su biyun dole su kama a lokaci ɗaya, domin idan ɗaya ya riga ɗaya ɗagawa sandar zata karkace ta murɗe bayan mutum, wanda hakan ma wani rauni ne na daban. Shi kuma mai ɗagawa kar ya saki ya bar musu, ya ci gaba da turawa har a mayar da ƙarfen mazauninsa. Kuma a yi magana tun kafin a fara, sau nawa zaka yi, wace kalma zaka faɗa in kana so a karɓa. Duk da haka ni dai na fi yarda da sandunan kariya akan mutum, ƙarfe baya kallon waya, baya tsorata, baya makara. In an samu duka biyun to madalla.

Yanzu bari in juyo kan masu jim. Dan Allah ku ji tsoron Allah a kan rayukan da suke shigo muku. Ana kashe kuɗi a kan madubi da fitilu da sifika, amma wajen sikwat sai kaga ƙarafa biyu ne kawai a tsaye masu ƙugiya, babu komai a gefe da zai tare kaya. Wani rak ɗin walda ce aka yi babu wanda yasan iya nauyin da zai ɗauka, yana rawa idan an ɗora masa ƙarfe, ba'a ɗaure shi a ƙasa ba. Sandar da ta lanƙwashe ana ci gaba da amfani da ita alhali irin wannan juyawa take a bayan mutum. Makullan da ake sawa a bakin sanda su riƙe faifai sun ɓata ba'a sayi wasu ba, kuma wanda ya taɓa ganin faifai sun zame ta gefe ɗaya yasan abinda nake nufi, nan take ɗaya gefen yake rinjaya sandar ta yi sama da gudu, duk wanda ta samu a kai sai dai addu'a. Ga faifai zube a ƙasa a bayan mai sikwat, ga gumi a kan tayil mai santsi, ga mutane na giftawa dab da bakin sanda ana tsaka da ɗagawa. Duk waɗannan ba sai an kira injiniya ba, doka ce kawai da sa ido. Ko na'urar nan ta Smith da sandar ke bin layin dogo, wadda mutane ke ganin babu haɗari a cikinta, tana da nata matsayan kariya a ƙasa da ake saitawa, in ba'a saita ba ita ma danne mutum take, har ma ta fi muni ta wani ɓangaren saboda ba zaka iya ture ta gaba ko baya ba.

Amma in za'a yi adalci, ɗaga ƙarfe ba shine wasa mafi haɗari ba kamar yadda iyaye da yawa suke zato. Wani nazari da aka buga a 2017 a wata mujallar likitancin wasanni ta Birtaniya ya tattara binciken da aka yi a kan ƴan gasar ɗaga nauyi, ya samu rauni tsakanin 1 zuwa 4.4 a cikin kowace awa 1000 ta atisaye, wanda hakan ba yawa bane in ka kwatanta da wasannin da ake karo da juna. Inda raunin ya fi zuwa shine ƙasan baya, kafaɗa, da gwiwa. Tsoron sikwat ɗin ma yana da tarihi, tun 1961 wani mai bincike a Amurka Karl Klein ya ce sauka ƙasa sosai yana sassauta jijiyoyin gwiwa, aka daɗe ana yawo da maganar, amma binciken da aka yi daga baya basu tabbatar da ita ba. Haka maganar da har yau ake faɗa wa sabbin shiga wai kar gwiwa ta wuce yatsun ƙafa. A 2003 an gwada wannan, aka sa allo a gaban gwiwar masu sikwat ya hana ta wucewa, nauyin da ke kan gwiwa ya ragu da kusan kashi 22 cikin 100 amma wanda ke kan ƙugu ya ninka sama da sau 10, saboda dole mutum ya ƙara rusunawa gaba. Kaga an gudu daga ciwon gwiwa an tura kayan zuwa baya. Don haka dogon mutum mai dogayen cinyoyi in gwiwarsa ta ɗan wuce yatsu, diddigensa na ƙasa, ba laifi yayi ba.

Shi ciwon bayan ya kamata a fahimci yadda yake zuwa. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu faifai masu taushi a ciki, su ne ke shanye nauyi. Idan mutum ya sauka da kaya mai nauyi ƙasan bayansa ya gantsare ya koma ya lanƙwashe, gaban faifan ne ke matsewa abin cikin ya tura baya inda jijiyoyi suke, kuma waɗanda suka fi zamewa su ne na can ƙasa, wato na tsakanin ƙasusuwan da likitoci ke kira L4 da L5 da kuma na ƙarƙashinsa. Shi yasa zaka ji mutum yana cewa ciwo na tasowa daga ɗuwawu ya bi bayan cinya har ƙafa, ko yatsunsa na yin sanyi suna mutuwa. Yawancin ciwon baya na jim tsoka ce ta ja, yana warwarewa cikin kwanaki ko makonni in an rage nauyi aka ci gaba da motsi a hankali. Amma akwai alamun da ba'a jira dasu, in kaji tsakanin cinyoyinka da gabanka sun mutu baka jin taɓi, ko fitsari ya riƙe ko yana zubowa baka sani ba, ko bayan gida, ko ƙafa ta fara ja, to wannan asibiti ne a ranar, ba gobe ba, ba wajen mai tausa ba, saboda jijiyoyin ƙarshen laka ne suka matse kuma jinkiri yana iya barin mutum da larura har abada.

Abinda ke kare bayan shine iskar da ka riƙe a ciki. Kafin ka sauka ka ja numfashi zuwa cikinka ba ƙirji ba, ka ɗaure tumbi ta ko'ina har cikin ya zama kamar tayar mota da aka cika da iska, ka riƙe har ka wuce wajen wahala sannan ka saki. Bel ɗin da ake ɗaurawa ma aikinsa kenan, yana bai wa ciki abinda zai tura, ba wai yana riƙe ƙashin baya bane, don haka wanda bai iya ɗaure ciki ba ko ya sa bel mafi tsada bayansa zai lanƙwashe, illa ma ya ƙara masa ƙarfin halin ɗaukar abinda ya fi shi. Sai dai wannan riƙe numfashin yana da nasa farashi, jini yana hawa sosai a wannan ɗan lokacin. A 1985 masu bincike a Kanada sun auna jinin masu gina jiki suna tura nauyi da ƙafa, matsakaicin ya kai 320 bisa 250, mutum ɗaya har 480 bisa 350, alhali na mai lafiya a zaune wajen 120 bisa 80 ne. Ga matashi mai lafiya yana sauka nan da nan, amma mai hawan jini, ko mai ciwon zuciya, ko wanda aka yi wa aikin ido, ko mai gwaiwa, ya kamata ya ga likita kafin ya fara irin wannan nauyin. Sannan bayan an ajiye ƙarfe jinin yana faɗuwa lokaci guda, shi yasa wasu ke ganin duhu har su suma. In kaji jiri ka durƙusa ko ka zauna nan take, kar ka tsaya kana murna a tsakiyar ƙarafa, mutane da yawa ba sikwat ɗin ya fasa musu kai ba, faɗuwar bayan sikwat ce.

Gwiwa kuma a kula kar ta riƙa faɗawa ciki wajen tasowa, ta bi layin yatsun ƙafa. Raunin gwiwa mafi muni a sikwat shine tsinkewar jijiyar da ta riƙe ƙoƙon gwiwa ta sama ko ta ƙasa, ji kake ɗas mutum ya zube, kuma wannan sai tiyata da watanni ana jinya. Abu biyu zan ambata anan da ba'a cika faɗa ba. Na farko allurai da ƙwayoyin ƙara tsoka da wasu ke sha a ɓoye, tsoka tana girma da sauri ta bar jijiya a baya, ƙarfin ya zo amma abinda zai riƙe shi bai ƙaru ba, ban da illar da suke wa zuciya da hanta. Na biyu maganin nan sifro da danginsa da ake sha na kashe ƙwayoyin cuta, tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi mai ƙarfi a jikinsu cewa suna iya jawo tsinkewar jijiya. Wanda yake shan su ko bai daɗe da gamawa ba ya tambayi likita kafin ya koma kaya masu nauyi.

Tushen yawancin abin nan dai ganin ido ne, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaro ya shigo jim wata biyu, ya ga zakaran ɗaga nauyi Ray Williams a waya yana sikwat da kilo 490, wanda yayi a 2019, sai shima yaji lallai sai ya jera faifai ya ɗauka ya ɗora a Instagram. Bai ga shekarun da mutumin ya kwashe ba, bai ga masu tsaron da suka kewaye shi ba. Abokai kuma na zuga shi, ƙara ɗaya kai namiji ne. Sai ya ɗauko abinda ko fitowa dashi daga rak yana tangaɗi, ya sauka rabi gwiwa na rawa. Tsoka tana saurin ƙarfi, jijiya da gaɓa suna binta a hankali ne, shi yasa ƙarin kilo 2.5 ko 5 a lokaci guda ya isa, kuma ba kullum ake neman iyakar ƙarfi ba, yawancin ranaku ka tsaya kana jin da sauran ƙarfin tashi biyu ko uku a jikinka. Ka fara da sanda kawai ka hau a hankali kafin ka kai nauyin ranar, ko da kana sauri. Wanda yayi jinya ko ya daɗe bai zo ba kar ya ce zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ronnie Coleman ya ci gasar masu gina jiki ta Mista Olympia sau 8 a jere daga 1998 zuwa 2005, yayi sikwat da kusan kilo 363 har sau biyu, duk mai ɗaga ƙarfe yana girmama shi nima haka, amma tun shekarun 1990 faifan bayansa ya zame ya ci gaba da ɗagawa a haka, yau an masa tiyata fiye da 10 a baya da ƙugu, an canza masa ƙugu duka biyu, da sanduna yake tafiya. Shi ko ba komai ya samu suna da abin duniya, kai da kake yi don lafiyar jikinka me zaka samu in ka bi ciwo da ƙarfe?

Su ma koci masu gasa sabon shiga a ranar farko da sikwat ɗari biyu ɗari uku wai don ya san ya zo jim, ku daina. Akwai larurar da tsoka ke narkewa ta zuba cikin jini ta toshe ƙoda, alamarta cinya ta kumbura da ciwon da ya wuce misali, fitsari ya koma baƙi-baƙi ko ja mai duhu. Wanda ya ga haka ya tafi asibiti da gaggawa, kar a ce masa ai gajiya ce ya sha maganin ciwon jiki, wasu magungunan ciwon ma ƙara wa ƙodar wahala suke.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna kayar da mutum. Sandar a kan naman kafaɗa take zama ba a kan ƙashin wuya ba. Ƙugiyar rak ta kasance daidai tsakiyar ƙirji yadda ba sai kayi ɗage ba wajen ɗauka ko mayarwa. Ka fuskanci rak ɗin, ka ja baya taku biyu ko uku, in ka gama ka tako gaba har sandar ta bugi ginshiƙi sannan ka sauke, masu juya wa rak baya suna mayarwa da lalube bayan sun gaji, ƙugiya ɗaya ta kama ɗaya ta kuskure. Takalmi mai tafin da yake shimfiɗe kuma mai tauri, banda silifas, banda takalmin gudu mai soso da ƙafa ke nutsewa a ciki.

In kuma Allah ya kawo tsautsayi ƙarfe ya faɗo wa mutum a wuya ko baya, dan Allah a ɗauke ƙarfen kawai a bar shi yadda yake. Kar a ɗaga shi zaune, kar a ja hannunsa, kar a murza wuyan wai a gyara, kar a kinkime shi kowa ya kama inda ya samu. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu kar ya motsa, a duba yana numfashi, a kira masu agajin gaggawa, in dole sai an ɗauke shi to a kan abu mai faɗi da tauri, kai da wuya da baya a miƙe a tare. Ƙashin da ya tsage bai taɓa laka ba, ɗaukar ganganci tana iya sa ya taɓa, mutumin da zai warke ya koma shanyayye. Kowane jim ya kamata a ce akwai aƙalla ma'aikaci ɗaya a kowane lokaci da aka koya wa wannan da kuma yadda ake danna ƙirji in zuciya ta tsaya.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku tura wakilinku ya zaga gidajen motsa jiki ya duba da idonsa nawa ne suke da keji mai sandunan kariya, nawa ne ma'aikatansu suka san taimakon farko, sannan ku gayyato likitan ƙashi da masanin gashin ƙashi su amsa tambayoyin masu karatu a shafinku na lafiya. Ku kuma ƴan uwa masu biyan kuɗin rijista duk wata, kuna da haƙƙin tambaya, kafin ka biya ka ce a nuna maka wajen sikwat ka duba ko sandunan kariya suna nan kuma suna shiga hujinsu. In babu, kayi sikwat ɗinka da nauyin da kake riƙewa a hannu a gaban ƙirji wanda zaka iya saki kowane lokaci, ka kuma gaya wa mai wajen dalilin da yasa baka taɓa sandarsa ba.

Nagode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai ɗaga ƙarfe kuma mai karanta jaridarku